Rabuwar Indiya da Pakistan: Laifin Wa?



Ranar 14 ga Agusta, 1947, Pakistan ta yi bikin samun 'yancin kai. Washegari, ranar 15, Indiya ta yi nata. Amma sai ranar 17 aka sanar da inda iyakar ƙasashen biyu ta bi. Ke nan miliyoyin mutane a lardunan Punjab da Bengal sun kwana biyu suna 'yantattu ba tare da sun san ko 'yan wace ƙasa ba ne. A gundumar Murshidabad, inda Musulmi suka fi yawa, an ɗaga tutar Pakistan, an sha biki. Da sanarwa ta fito, sai ga su a cikin Indiya. A Khulna kuwa, inda mabiya addinin Hindu suka ɗan fi rinjaye, an wayi gari an ce musu su 'yan Pakistan ne.

Abin da ya biyo baya, Allah kada Ya maimaita. Mutum miliyan 12 zuwa 15 suka bar gidajensu da gonakinsu da kaburburan iyayensu. Waɗanda aka kashe kuwa, masu ƙididdigar da suka fi rangwame suna cewa dubu 200, wasu suna kai ta miliyan biyu, galibi dai an fi tsayawa a wajen miliyan ɗaya. Mata wajen dubu 75 aka sace ko aka yi wa fyaɗe, Musulmi da Hindu da Sikh.

To, laifin wa? A ganina tambayoyi biyu ne mutane suke haɗewa su mai da su ɗaya. Wa ya sa aka raba ƙasar, wannan daban. Wa ya sa rabuwar ta ci rayuka haka, wannan ma daban. Amsoshinsu ba ɗaya ba ne.

Amsar da ta fi sauƙin faɗa, wadda mu da muka ɗanɗani mulkin mallaka muka fi jin daɗinta, ita ce Turawan Ingila ne suka raba kan jama'a don su ji daɗin mulki. Akwai gaskiya a ciki, ba kaɗan ba. Bayan boren 1857, lokacin da sojojin Hindu da na Musulmi suka haɗa kai suka kusa kifar da mulkin kamfanin Turawa, Landan ta koyi darasin da ba ta sake mantawa ba. Daga shekarun 1870 aka fara ƙidayar jama'a ana rubuta addinin kowa, har mutane suka fara kallon kansu a matsayin masu rinjaye da marasa rinjaye a faɗin ƙasa, alhali a da abin da mutum ya sani shi ne ƙauyensa da harshensa da sana'ar gidansu. A 1905 babban wakilin Sarkin Ingila, Lord Curzon, ya tsaga Bengal gida biyu, gabas ta Musulmi, yamma ta Hindu, sai da zanga-zanga ta tilasta a soke rabon a 1911.

Amma abin da ya fi ɓarna ba shi da armashi a baki, don dokar zaɓe ce kawai. A 1909 aka keɓe wa Musulmi kujerunsu a majalisu, kuma Musulmi kaɗai ke jefa ƙuri'a a kansu. Shugabannin Musulmi ne suka roƙa, don tsoron kada a haɗiye su, Turawa kuma suka ba su hannu bibiyu. Ku duba yadda abin yake aiki. Ɗan takara a kujerar Musulmi ba ya buƙatar ƙuri'ar Bahindu ko ɗaya. Ba sai ya taka ƙafa zuwa unguwarsu ba, ba sai ya yi musu alkawarin rijiya ko makaranta ba. Abokin karawarsa Musulmi ne ɗan'uwansa, kuma hanya mafi sauƙi ta kayar da shi ita ce a ce ya sayar da al'umma. A sauran kujerun ma, ɗan takara ba ya asarar komai in ya juya wa Musulmi baya. Kusan shekara 40 ana zaɓe a haka. Mai sassaucin ra'ayi kullum shi ke shan ƙasa, mai zafin baki shi ke shiga majalisa.

Duk da haka, Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar tana nan kafin dokar. Manyan gidajen Musulmi na arewacin Indiya sun yi ɗaruruwan shekaru suna riƙe da sarauta, suka wayi gari sarautar ta tafi, kuma an riga su shiga makarantar boko da aikin gwamnati. Ana rigima a kan yanka saniya ranar Babbar Salla, ana rigima a kan kiɗa a ƙofar masallaci, ana rigima a kan ko da Urdu za a rubuta takardun kotu ko da Hindi. Kuma batun cewa Hindu da Musulmi al'ummu biyu ne dabam ba daga bakin Musulmi kaɗai ya fito ba. Tun 1923 wani Bahindu mai suna Savarkar ya rubuta littafinsa na Hindutva, inda ya nuna cewa cikakken ɗan ƙasa shi ne wanda Indiya ce ƙasar kakanninsa kuma ita ce ƙasarsa mai tsarki. Wanda ke fuskantar Makka ya san da wa ake.

Sai dai kada a yi saurin cewa addini ne ya raba su. Dubi waɗanda suka tsaya a kowane ɓangare. Muhammad Ali Jinnah, uban Pakistan, lauya ne da ya yi karatu a Landan, mai kwat da wando, wanda Turanci ya fi Urdu zama a bakinsa. A 1916 yana cikin jam'iyyar Congress yana kuma cikin Muslim League, shi ya ƙulla yarjejeniyar Lucknow tsakaninsu, har ana yi masa kirari da jakadan haɗin kan Hindu da Musulmi. Su wa suka yi adawa da kafa Pakistan? Maulana Husain Ahmad Madani, babban malamin hadisi na makarantar Deoband, da ƙungiyarsa ta malaman Indiya. Maulana Abul Kalam Azad, haifaffen Makka, mai tafsirin Alƙur'ani, wanda shi ne shugaban Congress daga 1940 zuwa 1946. Khan Abdul Ghaffar Khan, jagoran Fatanawa na kan iyakar Afganistan. Akwai malamai da shehunnai da yawa da suka bi Jinnah, musamman daga baya, amma in da rigimar ta ibada ce, da ba a ga mai rawani yana cewa a zauna tare, mai kwat yana cewa a rabu ba.

Rigimar ta mulki ce. Musulmi kimanin miliyan 90 ne cikin mutum kusan miliyan 390, wato ɗaya cikin huɗu. In Bature ya tafi aka koma mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, wa zai riƙe gwamnatin tsakiya a Delhi, kuma me zai hana shi yin yadda ya ga dama da sauran? Duk wata taƙaddama daga 1928 zuwa 1947 a kan wannan tambayar take.

A zaɓen larduna na 1937 Muslim League ta sha kaye, ko kashi ɗaya cikin huɗu na kujerun Musulmi ba ta samu ba. A Punjab, zuciyar Pakistan ta yau, ba ta wuce kujera biyu ba, don manyan masu gonaki na Musulmi da Hindu da Sikh suna da jam'iyyarsu ta haɗin gwiwa. Congress ta kafa gwamnati a akasarin larduna 11. A lardin da yau ake kira Uttar Pradesh, 'yan League sun sa rai za a dama da su. Sharaɗin da aka gindaya musu shi ne su rushe reshen jam'iyyarsu a majalisa su narke cikin Congress. Jagoran Congress, Jawaharlal Nehru, yana ganin ƙarfi biyu ne kawai a ƙasar, Turawa da Congress, kuma talauci ne damuwar talaka, ba addini ba. Wataƙila yana da hujja a kan takarda. Amma abin da 'yan siyasar Musulmi suka fahimta shi ne: haka za a yi mana ran da suka samu Delhi. Mai nasara da ya ƙi yin kyauta ranar da kyautar ba za ta rage shi da komai ba, shi ya ba Jinnah makamin da ba shi da shi.

Daga nan yaƙin duniya na biyu ya shigo, wanda kakanninmu da aka kwasa zuwa Boma suka ratsa ta Indiyar kafin su shiga daji. A 1939 wakilin Sarki ya ayyana cewa Indiya ta shiga yaƙi ba tare da ya tuntuɓi kowa ba. Ministocin Congress suka yi murabus don fushi. A 1942 suka ce Turawa su tattara su bar ƙasar, aka kwashe shugabanninsu aka kulle, yawancinsu sai 1945 suka fito. Fili ya zama na Jinnah shi kaɗai, Turawa kuma suna buƙatarsa, suna ɗaga shi a matsayin mai magana da yawun Musulmi duka. A Maris ɗin 1940, a Lahore, League ta nemi a ba yankunan Musulmi 'yancin kansu. Ƙudurin bai ambaci sunan Pakistan ba, bai faɗi iyaka ba, bai ma fayyace ƙasa ɗaya ake nufi ko biyu ba.

A nan laifin Jinnah yake, kuma ba ƙarami ba ne. Ya bar maganar a dunƙule da gangan, kowa ya cusa mafarkinsa a ciki. Manomin Bengal ya ɗauka Pakistan ita ce rabuwa da mai gona da mai ba da bashi da ruwa. Malami ya ɗauka ƙasar shari'a ce. Ɗan kasuwa ya hango kasuwar da babu attajiran Hindu. Musulmin Lucknow da Bombay, waɗanda suka fi kowa zafi a kan batun, ba wanda ya zaunar da su ya ce musu garuruwansu ba za su taɓa shiga Pakistan ba ko ta yaya aka ja layin. A zaɓen 1945 zuwa 1946 League ta lashe dukkan kujerun Musulmi 30 na majalisar tsakiya da kusan kashi 90 cikin 100 na larduna. A tuna kuma, masu dukiya da masu biyan haraji da masu ilimin boko ne suka yi zaɓen. Galibin talakawan da daga baya aka yanka a kan hanya ba su da ƙuri'a.

Duk da haka ƙofa ba ta rufe ba. A watan Mayun 1946 tawagar ministoci uku daga Landan ta kawo wani tsari: Indiya ta zauna ƙasa ɗaya, gwamnatin tsakiya ta riƙe tsaro da harkokin waje da sadarwa kawai, sauran iko ya koma larduna, lardunan kuma a haɗa su rukuni uku, biyu daga ciki Musulmi ne masu rinjaye. Jinnah, mutumin da ake cewa ba ya son komai sai rabuwa, ya karɓa. Congress ma ta ce ta karɓa, amma da ƙorafi, musamman a kan tilasta wa lardin Assam zama rukuni ɗaya da Bengal. Ranar 10 ga Yuli, Nehru ya gaya wa 'yan jarida a Bombay cewa Congress ta yarda ne kawai ta shiga majalisar tsara kundin mulki, ba ta ɗaure kanta da komai ba, kuma da wuya batun rukunin ya tabbata. Kafin watan ya ƙare League ta janye. Azad da kansa, aminin Nehru, ya rubuta daga baya cewa wannan furucin yana cikin abubuwan da suka canja tarihin ƙasar.

Ni a ganina ba suɓutar baki ba ce. Nehru da Sardar Patel, wani jigon Congress, suna son gwamnatin tsakiya mai ƙarfi, wadda za ta gina masana'antu, ta tsara tattalin arziki, ta haɗiye masarautu sama da 500 da Turawa suka bari a hannun sarakunansu. Tarayya sako-sako wadda Jinnah ke da ikon taka mata birki kullum ba ta yi musu ba. Da suka ɗanɗana zama da League a gwamnatin riƙon ƙwarya, inda Liaquat Ali Khan na League ya riƙe ma'aikatar kuɗi yana tare musu kowace takarda, sai Patel ya yanke cewa gara ƙaramar ƙasa da za su iya juyawa. A Maris ɗin 1947 Congress ce da kanta ta nemi a tsaga Punjab, aka kuma bi da Bengal. Hujjarsu tana da ƙarfi: in Musulmi ba za su zauna ƙarƙashin rinjayen Hindu ba, don me Hindu da Sikh na waɗannan larduna za su zauna ƙarƙashin rinjayen Musulmi? Da makamin Jinnah aka yanke shi. Ya ƙare da irin Pakistan ɗin da shi da bakinsa ya taɓa kira naƙasasshiya.

Kafin nan kuwa ya riga ya yi abin da ba ya gyaruwa. Ya sa ranar 16 ga Agusta, 1946, ta zama ranar da Musulmi za su fito su nuna ƙarfinsu. A Kalkata, inda League ke mulki, aka ba da hutu. Cikin kwana huɗu an kashe mutum wajen 4,000. Aka rama a kan 'yan Hindu a Noakhali, aka rama a kan Musulmi a Bihar, aka rama a kan Sikh a ƙauyukan Rawalpindi. Lauyan da ya shafe rayuwarsa yana jayayya da takarda ya kira titi, titi kuma ba ya jin a tsaya.

Wannan ke nan game da rabuwa: Turawa suka share fili, 'yan siyasar gida suka yi gini, kuma ina ɗora wa Congress kaso mafi nauyi fiye da yadda littattafan makarantun Indiya ke yi, don mai rinjaye shi ke da abin bayarwa.

Batun jini kuwa, a nan ba na raba laifi daidai. Ingila ta fito daga yaƙi a tsiyace, Indiya ma tana bin ta bashin fam sama da biliyan ɗaya. Sojojin ruwa 'yan Indiya sun yi tawaye a Bombay a Fabrairun 1946. Firayim Minista Attlee ya sanar a Fabrairun 1947 cewa za su tafi kafin ƙarshen Yunin 1948. Wakilin Sarki na lokacin, Lord Wavell, ya ba da shawarar a janye daki-daki. Aka sauke shi, aka turo Lord Mountbatten. Ranar 3 ga Yuni aka sanar da shirin rabuwa, sai kuma Mountbatten ya jawo ranar tafiya baya da wata goma, zuwa 15 ga Agusta. Mako goma aka ba ƙasa mai mutum kusan miliyan 400 ta raba sojoji da 'yan sanda da jiragen ƙasa da baitulmali, har da teburan ofis da keken rubutu.

Wanda aka ɗora wa jan layin, Sir Cyril Radcliffe, lauya ne daga Landan wanda bai taɓa taka Indiya ba. An ce wai hakan ne zai sa ya yi adalci. Ya sauka ranar 8 ga Yuli, aka ba shi mako biyar, da taswirori, da alƙaluman ƙidayar 1941, da alƙalai huɗu a kowane lardi, biyu na Congress biyu na League, waɗanda ba su taɓa yarda da juna a kan abin da ke da muhimmanci ba. Alƙalaminsa ya bi tsakanin Lahore da Amritsar, birane biyu da tazararsu ba ta fi kilomita 50 ba. Ya bar Nankana Sahib, mahaifar wanda ya kafa addinin Sikh, a Pakistan, ya bar Haikalin Zinariya, babban wurin ibadarsu, a Indiya, ya tsaga al'ummar Sikh biyu. Ya bar bakin wasu magudanan ban ruwa a wata ƙasa, gonakin da suke shayarwa a wata. A Bengal gonakin rama suka faɗa Pakistan, masana'antun sarrafa ta suka zauna a Kalkata. Ya ba Indiya mafi yawan gundumar Gurdaspur duk da ɗan rinjayen Musulmi, wadda ta nan hanyar Kashmir ta bi, abin da Pakistan ba ta yafe ba har gobe. Sakatarensa, Christopher Beaumont, ya fito a 1992 ya ce an matsa wa Radcliffe lamba ya canja layi a Ferozepur don amfanin Indiya. Shi dai Radcliffe ya ƙone takardunsa, ya ƙi karɓar kuɗin aikinsa, bai sake komawa ba.

Aikin ya kammala kafin ranar biki. Mountbatten ya sa shi a aljihu sai da aka gama faretin, don kada a ɓata shagali, don kuma abin da zai biyo baya ya faɗa wuyan sababbin gwamnatoci. Ba a shirya kwashe mutane ba, don shugabannin duka ɓangarorin sun ɗauka kowa zai zauna inda yake. Rundunar da aka kafa don tsaron iyakar Punjab, mutum wajen dubu 50, an watsa ta a faɗin gundumomi 12, sojojinta kuma 'yan addinan da ke faɗan ne. Farkon Satumba aka rushe ta. Sojojin Ingila suna bariki suna jiran jirgin ruwa, da umarnin kada su sa hannu sai don ceton ran Bature. Punjab kuwa cike take da tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya, sun san harbi, sun san yadda ake tare hanya. Jiragen ƙasa suka riƙa shiga tashar Lahore da ta Amritsar babu mai sauka, sai gawawwaki. Ayarin masu gudun hijira a ƙafa da amalanken shanu yakan kai tsawon kilomita da dama, wani na tafiya gabas wani yamma, a kan hanya ɗaya.

Masu kare Mountbatten suna cewa gwamnati ta riga ta ruɓe, da an jinkirta da abin ya fi haka muni. Ba na raina wannan magana. Amma Kalkata, wadda kowa ya ɗauka ita za ta fi ƙonewa, ta lafa a watan Agustan, saboda Gandhi, dattijon da ya jagoranci neman 'yancin Indiya, ya tare a wani tsohon gida a unguwar da ake rikici tare da Suhrawardy, jigon League da ake zargi da kisan Kalkata na 1946, da wuta ta sake tashi kuma ya shiga azumi har aka ajiye makamai. In tsoho ɗaya mara bindiga ya iya wannan, daular da ta yi kusan shekara 200 tana karɓar haraji ba ta da bakin cewa babu abin da za ta iya.

Ba kuma zan wanke wanda ya riƙe wuƙa ba. Radcliffe bai cinna wa gidan kowa wuta ba. Maƙwabci ne ya yi, sau da yawa yana hangen gonar maƙwabcinsa ko kantinsa. Wani maƙwabcin kuma, a kowane addini, ya ɓoye mutane a rumbunsa ya raka su tasha da dare.

Ko rabuwar ta kare Musulmi? Wajen miliyan 35 suka rage a Indiya, an kwashe musu manyan 'yan boko da hafsoshinsu. Yau jikokinsu sun kai kimanin miliyan 200. Pakistan ɗin kanta, gida biyu da tazarar kilomita 1,600 a tsakani, ba ta cika shekara 25 ba ta tsage a 1971, bayan rigimar harshe da zaɓen da aka ƙi mutuntawa da yaƙin da Musulmi suka kashe Musulmi, Bangaladash ta fito. Gandhi kuwa, wani Bahindu mai tsattsauran ra'ayi ne ya harbe shi ranar 30 ga Janairu, 1948, bisa zargin yana fifita Musulmi.

Tambayar laifin wa har yanzu tana cizo. A 2005 L. K. Advani, shugaban jam'iyyar BJP ta Indiya, ya ziyarci kabarin Jinnah a Karachi ya yabe shi. Kafin shekara ta ƙare ya bar kujerarsa. A 2009 Jaswant Singh, tsohon ministan harkokin wajen Indiya, ya wallafa littafi yana cewa Nehru da Patel suna da hannu a rabuwar kamar yadda Jinnah ke da shi. Cikin kwana biyu jam'iyyarsa ta kore shi, jihar Gujarat, mahaifar Patel, ta haramta littafin, sai da kotu ta soke haramcin.